Kada a Ɗaga Dokin Ƙofa Ya Gagari Kwamfutocinmu

A ɗan ɗakin da nake koya wa yara kwamfuta a Mabera akwai na'urori goma sha huɗu, kuma babu ko ɗaya da na ɓare daga kwali. Wasu daga Legas aka yo mini odarsu, wasu a hannun masu gyara na nan cikin gari na same su, biyu kuwa wani ofis ne ya sallame su aka ba ni kyauta. Kowacce ta yi rayuwarta a wani wuri kafin ta iso Sakkwato. Akwai wadda har yau lambar kadarar wata makaranta ta ƙasar waje ke manne a gindinta. A kansu ne yaran unguwa ke fara koyon riƙe linzami da neman haruffa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, yaron da bai taɓa zama gaban na'ura ba da tsoro biyu yake shiga ɗakin jarrabawa, na tambayoyi da na na'urar kanta. Aikina shi ne in cire masa na biyun.

Linux ne a kan dukkansu, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke zama a madadin Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin na'urorina, domin sharuɗɗanta sun fi ƙarfinsu. Saboda haka duk lokacin da masu haɗa Linux suka zauna suna shawarar wace irin ƙwaƙwalwar kwamfuta za su ci gaba da yi wa hidima, wace kuma za su saki, maganar ɗakina ake yi, ko da ba su taɓa jin sunan Mabera ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba: kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa, kuma ƙwaƙwalen nan zubi-zubi ne. Umarnin da wannan zubin yake ganewa, wancan ba ya gane shi. Akwai zubin Intel da AMD da ke cikin yawancin kwamfutocin tebur da na cinya, wanda ya kasu biyu, tsohon mai bit 32 da mai bit 64 da AMD ta fito da shi a 2003. Akwai zubin ARM, wanda ke cikin wayar da ke aljihunka. Akwai RISC-V, ɗan auta, da aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010. Akwai na manyan injinan IBM da bankuna ke amfani da su. Manhaja ɗaya ce ake rubutawa, amma sai an ɗinka ta daban ga kowane zubi, kamar yadda tela ke yanka shadda ɗaya ya fitar da awon uba daban, na ɗa daban. Bayan ɗinki kuma sai an gwada a jiki.

Nau'o'in Linux irin su Debian aikin gayya ne. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, mutanen da ke tashi daga aikinsu na albashi su zauna da dare suna gyara abin da ni da ɗalibaina za mu ci moriyarsa kyauta. Ƙunshin manhajojin da ke cikinta sun haura 60,000. Kowane zubi da aka ce ana yi wa hidima, sai an sami injinan da za su harhaɗa masa waɗannan dubban manhajoji, sai an sami mutanen da za su bi sawun duk wadda ta ƙi haɗuwa, sai an toshe masa kowace kafar tsaro da aka gano. Zubi ɗaya da ya rasa mai kula da shi yana iya riƙe gyaran kowa. Duk wanda ya taɓa fita gayyar noma ya san cewa ba a faɗaɗa gona fiye da hannuwan da suka zo. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a riƙe komai har abada. Ba zai yiwu ba, kuma rashin adalci ne ga masu aikin.

Na daɗe ban yarda da wannan ba. Lokacin da Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta daina fitar da faifan girkawa na bit 32 a 2017, Arch ita ma ta saki zubin a shekarar, sannan Fedora ta bi su a 2019, raina ya ɓaci ƙwarai. Gani nake mutanen da ke canza kwamfuta duk bayan shekara uku sun yanke hukunci a kan talaka. Na jingina da Debian, ina cewa ita ce uwar marayu. Sai ga Debian 13 ta fito a watan Agustan 2025, ita ma ba ta da faifan girkawa na bit 32 ga zubin Intel. Abin da aka bari kawai shi ne damar tafiyar da tsofaffin manhajoji a kan na'ura mai bit 64.

A makon ne na ɗauki biyu daga cikin kwamfutocin tebur ɗina, Dell masu ƙwaƙwalwar Core 2 Duo, na kai wa wani mai gyara da na daɗe ina hulɗa da shi, da niyyar ya nemo mini mai saye ko da kayan gyara ne. Na ce masa 'yan 32 ne, zamaninsu ya wuce. Ya busa ƙurar da ke cikin ɗaya, ya jona ta, ya sa filas ɗinsa, ya buga umarnin lscpu mai nuna irin ƙwaƙwalwar da ke ciki, ya juyo mini da allon.

"Malam, ai wagga 64 ta," in ji shi. "Windows ɗin da anka ɗora mata tun can shi na 32. Ku mai da su gida, ku ƙara musu ram, aiki za su yi."

Na koma na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha huɗu, biyu rak ne 'yan asalin bit 32: wata 'yar ƙaramar kwamfutar cinya mai Atom N270, irin waɗanda suka cika kasuwa wajen 2008, da wata tsohuwa mai Pentium M da batirinta ya mutu tuntuni. Na tabbata akwai ɗakunan kwamfuta da yawa a makarantun Wurno da Bodinga da Gwadabawa da ake wa irin wannan kallon da na yi wa nawa, an ɗauka sun mutu alhali riga ce kawai ba a canza musu ba. Wannan kuskuren ya yaɗu domin a zamanin Windows XP da Windows 7 masu sayarwa sun saba ɗora mai bit 32 a kan kowace na'ura, ko tana iya ɗaukar fiye da haka.

Su kuma biyun nan na gaskiya, in zan faɗi tsakani da Allah, me suke iya yi yau? Chrome ta daina fitowa ga Linux mai bit 32 tun 2016. Shafukan intanet na yanzu sun yi musu nauyi, yaro zai buɗe shafi ɗaya ya zauna yana jira har hankalinsa ya tafi wani wuri. Ga kuma matsalar agogo da ke tafe: tsohon tsarin ƙidayar lokaci na bit 32 zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, kuma gyara shi aiki ne babba. Ba zan iya duban ɗan sa-kai in ce ya ba da dararensa saboda na'urori biyu da ko ni ban cika kunna su ba. Zuciyar Linux kanta ta saki tsohuwar ƙwaƙwalwar Intel 386 wajen 2013, alhali a kanta Linus Torvalds ya fara aikin a 1991. Na haƙura da bit 32. Abin da nake roƙo a kansa shi ne a riƙa yin sallama da mutunci: a sanar da wuri, a ba da wa'adi mai tsawo, a bar ƙofa ga ƙananan ƙungiyoyi irin su antiX da suka zaɓi ci gaba da riƙon tsofaffin na'urori. Debian 12 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2028, kuma wannan ya ishi mutum ya shirya.

Inda ba zan haƙura ba shi ne abin da ke tafe a bayan wannan, wanda mutanenmu da yawa ba su ma ji labarinsa ba.

A 2020 aka raba zubin bit 64 na Intel da AMD zuwa matakai huɗu, daga v1 zuwa v4, gwargwadon sababbin umarnin da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Mataki na farko ya haɗa kowa, har da Core 2 Duo ɗina. Na biyu yana farawa ne daga ƙwaƙwalen Intel na wajen 2008 zuwa sama. Na uku yana buƙatar wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wanda Intel ta fara sakawa a ƙarni na huɗu na Core a 2013. Idan aka ɗinka manhaja a awon mataki na uku, na'urar da ba ta kai ba ko tashi ba za ta yi ba. Red Hat, mai sayar da nata nau'in Linux, ta ɗaga dokin ƙofarta, wato mafi ƙarancin matakin da take karɓa, zuwa mataki na biyu a fitowarta ta 9, sannan zuwa na uku a ta 10 da ta fito a 2025. Red Hat kamfani ne, abokan cinikinsa manyan ma'aikatu ne masu sababbin injina, ba ni da ta cewa a kan kasuwancinsa. Damuwata ita ce yadda wannan ra'ayi ke malalowa zuwa nau'o'in gayya, ana cewa lokaci ya yi da kowa zai bi.

To, a zo a leƙa shagunan da ke sayar da kwamfutocin gwanjo a garin nan. Me ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake saye in mahaifinsa ya sayar da rago ya turo masa kuɗin kwamfutar rubuta furojet? HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6420, ThinkPad T430 da 'yan'uwansu. Core i5 ƙarni na biyu da na uku, ƙirar 2011 da 2012. Na'urori ne masu ƙwari, jikinsu ya jure faɗuwa daga kan babur, madanninsu ya jure ƙurar hunturu, kayan gyaransu kuma ko'ina akwai. In ka sa musu ram gigabayit 8 da faifan SSD, babu aikin makaranta ko na ofis da zai gagare su. Amma duk cikinsu babu mai AVX2. Ranar da aka ce mataki na uku ne mafi ƙaranci, ranar aka rufe musu ƙofa gaba ɗaya, ba don sun gaza ba. Takwas daga cikin na'urorin ɗakina irin waɗannan ne.

Wani abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Intel ta ci gaba da sayar da ƙwaƙwale masu araha na Celeron da Pentium marasa AVX2 shekaru da yawa bayan 2013. Celeron N4000, alal misali, ta fito ne a ƙarshen 2017, kuma tana cikin ɗimbin ƙananan kwamfutocin cinya masu sauƙin kuɗi da iyaye ke saya wa 'ya'yansu sababbi fil. Wato mutum zai iya sayen na'ura a kwali, shekaru kaɗan bayan haka a ce masa ba ta cika sharaɗi ba. Wannan layin da ake son ja, a zahiri tsakanin mai kuɗi da marar kuɗi yake ratsawa.

Me ake samu a madadin wannan hasara? Masu goyon bayan ɗagawar suna cewa manhaja za ta fi gudu, kuma gaskiya ne a wasu ayyuka: sarrafa bidiyo, lissafin kimiyya mai nauyi, matse manyan fayiloli. Amma mai buga takarda a LibreOffice ko mai cike fom a burauza da wuya ya ji wani bambanci. Kuma akwai hanyar da za a ba mai sabuwar na'ura gudunsa ba tare da an kori mai tsohuwa ba. Manhajojin da suka fi buƙatar gudu sun daɗe da iya tambayar ƙwaƙwalwa abin da take ganewa, su zaɓi hanyar da ta dace da ita. Ana kuma iya ajiye nau'i biyu na manhajoji masu nauyi, na'ura ta ɗauki wanda ya yi mata daidai. AlmaLinux, wadda ita ma a kan Red Hat take gina nata, da ta zo fitowarta ta 10 sai ta ƙara wani nau'i na mataki na biyu domin masu tsofaffin injina. Ƙarin aiki ne, ban musa ba, amma ya nuna cewa zaɓi ne mutane ke yi, ba dole ce ta sauko daga sama ba. Riƙe mataki na farko kuwa ba ya buƙatar injina daban ko ma'aikata daban kamar yadda bit 32 ke buƙata. Zubi ɗaya ne, barin ƙofar a yadda take ne kawai. Debian har yanzu a nan take tsaye, kuma ina fata ta dawwama a kai na wasu shekaru masu yawa.

Sai ARM, wanda a ganina ya kamata kowane nau'in gayya ya ɗauke shi da muhimmanci daidai da na Intel, kuma dalilina wuta ce. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakina yakan zama tanda in na kunna kwamfutocin tebur duka. Fankokinsu na kuka, janareto na shan mai, wani lokaci na'ura ta kashe kanta tsakiyar darasi don ta ɗau zafi. Raspberry Pi 4, 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwar ARM da ba ta wuce tafin hannu ba, cajar wat 15 ce iyakar abin da take nema, kuma yawanci ba ta shan ko rabin haka. Faifan sola ɗaya da batir matsakaici za su riƙe irinta da yawa tun safe har la'asar. Ga makarantar ƙauye a Rabah ko Goronyo, inda turakun lantarki suke tsaye amma wayoyin ba sa kawo komai na kwanaki, wannan shi ne bambanci tsakanin ɗakin kwamfuta mai aiki da wanda aka kulle da kwaɗo. Wahalar ARM ita ce kowace na'ura da yadda take tashi, ba kamar kwamfutocin Intel da faifai ɗaya ke tayar da kusan kowacce ba. Don haka ba na cewa a bi kowace na'ura da wani kamfani ya fitar ya manta da ita. A zaɓi 'yan kaɗan da suka yaɗu, masu bit 64, a riƙe su da kyau.

RISC-V kuwa Debian 13 ta shigar da shi cikin zubin da take yi wa hidima a hukumance, kuma na yi murna, domin zubi ne da ba sai an biya wani kamfani kuɗin lasisi kafin a ƙera shi ba. Amma ban taɓa ganin ko ɗaya a kasuwar garin nan ba. Ƙaramar ƙungiya mai hannuwa kaɗan ta jira tukuna.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna: me ya sa injinan IBM, waɗanda ɗaiɗaikun mutane ba sa mallaka, suke da gurbi a teburin, mu kuma da muke da dubban na'urori kullum muke bakin ƙofa? Amsar ba ta da daɗi, amma ba zalunci ba ce. Wancan zubin yana da masu tsaya masa, masu ba da inji, masu amsawa in an kira. Ƙa'idar Debian ke nan: zubi yana zama ne in akwai mutanen da suka sa hannu cewa za su kula da shi. Mu kuwa ko a ƙidaya ba ma fitowa. Debian tana da wata 'yar manhaja mai suna popularity-contest da ke aika rahoton irin na'ura da manhajojin da ake amfani da su duk mako, amma sai mutum ya yarda da kansa lokacin girkawa, kuma sai na'urar tana kan intanet. Namu fa? Sau ɗaya nake sauke faifan girkawa, da dare lokacin da data ta fi araha, in zuba a filas, filas ɗin nan ya zaga na'urori goma sha huɗu, ya tafi wurin abokina a Arkilla, daga can ya wuce Illela. A lissafin masu ƙidaya, mutum ɗaya ne ya sauke. Na'urorin kuma yawancinsu ba sa ganin intanet sai in za a sabunta su. Mai duba alƙaluma daga Jamus zai ga kamar masu tsofaffin na'urori sun ƙare, kuma da zuciya ɗaya zai yanke hukunci a kan abin da ya gani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin mai gyaran jinka ya sani. A nan laifin namu ne. Muna da masu digiri a kimiyyar kwamfuta da jami'o'inmu da kwalejojinmu ke yayewa duk shekara, muna da masu gyara da suka san cikin EliteBook fiye da wanda ya ƙera ta, amma da wuya ka ji ɗayanmu ya gwada fitowar gwaji a kan tsohuwar na'ura ya aika rahoton abin da ya lalace. Gwajin nan ba ya buƙatar iya rubuta manhaja. Yana buƙatar na'ura, da haƙuri, da Turanci daidai na bayyana abin da ka gani a allo. In masu shawara za su auna zubi da yawan masu amfani da shi, ina roƙonsu su tuna cewa ma'auninsu ba ya kaiwa inda data ke da tsada, su tambayi masu koyarwa da masu gyara na ƙasashe irin tamu kafin su ja layi. In kuma za su auna shi da yawan masu hidima, to wannan kira ne gare mu.

Na fara da abin da ke hannuna. Na kunna manhajar ƙidayar a kan na'urori goma sha biyu, kuma duk ranar Asabar nakan jona su da wayata su aika rahotonsu. Ɗaya daga cikin Dell ɗin nan da na so sayarwa na ware ta, na ɗora mata Debian ta gwaji, kuma manyan ɗalibaina biyu ne ke kula da ita. Wata rana bayan sabuntawa sauti ya ɗauke mata. Ɗaya daga cikinsu, yarinyar da bara ko linzami ba ta iya riƙewa, ta zo ta same ni.

"Malam, mu goge mu sake girkawa?"

Na ce a'a, ta ɗauko littafinta ta rubuta sunan na'urar, da abin da aka sabunta, da saƙon da ya fito. Muka zauna tare muka mayar da shi rahoto, muka aika da sunan ɗakinmu.

'Yar ƙaramar mai Atom kuwa tana nan a kusurwa da Debian 12, ba ta shiga intanet. Manhajar koyon buga haruffa ce kawai a kanta, kuma ƙananan yara sun fi son ta domin madanninta daidai yatsunsu ne. Zan bar ta tana wannan aikin har ranar da allonta ya daina kawo haske.